Yadda za ka haɗa katun mai dogon zango da ɗan abin da ke aljihunka a nan Legas

Duk wanda yake son ya fara katun nashi na kansa, irin wanda ake saki kashi-kashi a YouTube ko Facebook, don Allah ya zauna ya yi lissafi tukuna kafin ya sayi ko da biro. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowane sakan. Masu katun da yawa ba sa zana duka 24 ɗin, 12 suke zanawa su bar kowane zane ya tsaya sau biyu, ido kuma bai cika damuwa ba. Toh 12 sau 60 ya ba ka zane 720 a minti ɗaya, kashi mai minti uku kuma zane 2160 kenan, in kowanne ya ci maka minti goma kacal da zanawa da shafa kala kaga awa 360 ta tafi, kuma fa ba a yi maganar bango ba ba a yi maganar murya ba ba a yi maganar ranar da NEPA suka ɗauke wuta ba. Mutumin da zai wuni a Mile 12 ko a shagonsa a Agege ya dawo gida bayan isha'i gosulo ya gama tsotse shi, in ya samu awa biyu a dare ai ya gode Allah, wata shida kenan a kan kashi ɗaya tak.

Nan ne yawancin samarinmu suke tsayawa. Sun iya zane wallahi, wasu hannunsu kamar me, amma sai su ɗauko labarin yaƙi da dawakai da sarakuna da aljanu, su yi tirela, wato ɗan tallan fim, ta sakan arba'in mai kyau, jama'a su yi ta masha Allah, shikenan daga nan ba ka ƙara jin ɗuriyarsu. Ba rashin kuɗi ne kaɗai ya kashe aikin ba, labarin ne ya fi ƙarfin mutum ɗaya da laftof ɗaya. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan dabara ce ta rage wancan lissafin har ya dawo daidai ƙarfinka.

Ka fara da labari, kuma ka rubuta shi kana tunanin hannunka ne zai zana kowace kalma. In ka rubuta "jama'a suka cika kasuwa ana ta guje-guje" to ka rubuta wa kanka aikin wata guda a layi ɗaya. In ka rubuta "Baba mai shayi ya ɗaga kai ya harari yaron" aikin dare ɗaya ne, kuma in maganar da ta biyo baya ta yi daɗi mutane za su fi tunawa da ita. Ni shawarata mutum uku ko huɗu su ne jaruman, wurare uku kacal a zangon farko gaba ɗaya, kowane kashi minti biyu zuwa uku, kashi shida ya isa zango. Kar ka ce minti uku ya yi kaɗan, ai wanda zai kalla ma datarsa yake lissafawa.

Kuma labarin yana nan gabanka, ba sai ka je nesa ba. Bahaushen Legas ba a cika ba da labarinsa ba, finafinan Kano na Kano ne, na kudu kuma in sun sa Bahaushe to maigadi ne mai gurɓatacciyar magana ana dariya. Alhali akwai yaron da aka haifa a Idi-Araba wanda Yarabancinsa ya fi Hausarsa kuma in ya je gida hutu ana ce masa ɗan Iko, akwai wanda ya sauko daga motar shanu jiya-jiya bai san inda zai kwana ba, akwai ɗan acaɓar da dokar hana okada ta 2022 ta raba shi da layinsa ya koma tura ruwa, akwai Iya mai gida da ɗan hayarta da suke faɗa kullum kan kuɗin wuta amma ranar sallah ita ce farkon zuwa karɓar nama. A 2024 kamfanin Disney da Kugali sun fitar da Iwájú, katun ne da aka gina kan Legas, duniya ta kalla, toh wannan ya nuna garin nan yana da abin kallo, sai dai Legas ɗin teburin mai shayi da ƙarfe shida na safe babu wanda zai zana ta sai wanda ya zauna a bencin.

Dalilin da ya sa nake son teburin mai shayi a matsayin wuri na farko, kowa a zaune yake. Tebur ya rufe ƙafafu, gwangwanayen madara da burodi sun rufe rabin jiki, abin da ke motsi baki ne da ido da hannu ɗaya mai juya shayi daga kofi zuwa kofi. Wuri na biyu cikin danfo, nan ma kowa a zaune, sai ka zana dogon titi guda ɗaya ka sa yana wucewa ta taga yana maimaita kansa, ka ɗan girgiza hoton sama da ƙasa, ka sa muryar kwandasta yana kiran Oshodi, wallahi duk ɗan Legas zai ji yana cikin motar. Na uku tsakar gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna. Wannan ba ha'inci ba ne, haka manya suka yi. Hanna da Barbera a Amurka tun ƙarshen shekarun 1950 da suka koma yin katun na talabijin kuɗi bai kai na silima ba, sai suka riƙa sa wa jarumansu kwala ko nektai a wuya don a raba kai da jiki, jiki ya tsaya cak a zana kai kawai. Japan ma da irin wannan tsimin suka fara katun ɗin talabijin mai fita duk sati a 1963.

Mu kuma Allah ya hutar da mu ta wajen sutura. Abin da ya fi wahalar da sabon mai katun shi ne tafiya, yadda ƙafa take ɗagawa ta sauka, in ka kuskure kaɗan sai mutum ya zama kamar yana sulɓi a ƙasa. Toh jallabiya da babbar riga da dogon hijabi duk sun rufe ƙafa, sai dai ka ɗan motsa bakin rigar ka ɗaga jikin sama da ƙasa. Hula ka zana ta daban a leyarta, wato nata shafin da manhajar take ɗorawa a kan sauran zanen. Abin da za ka guje wa shi ne atamfa mai zane da yawa da aikin wuya mai sarƙaƙiya da hular kube mai cikakken ɗinki, don duk abin da ka sa a jikin jarumi sai ka bi shi har ƙarshen zango. Kala ɗaya lafiyayya, layi biyu uku a hula, ya wadatar. Ka gwada wani abu kuma, ka shafe jarumanka da baƙi gaba ɗaya ya zama inuwarsu kawai ake gani, in ba a gane waye Baba waye yaronsa daga inuwa ba to ka sake zanen, ɗaya ya zama dogo siriri ɗaya gajere mai tumbi, saboda a ƙaramin gilashin waya za a kalle su.

Sai maganar kayan aiki, wadda na san ita kowa yake jira. Manhaja ba sai ka biya ko sisi ba, kuma ba sai ka sa ta sata wadda za ta cika maka kwamfuta da bairos ba. Krita kyauta ce, tana da daɗin zane kuma tana yin motsi zane bayan zane. OpenToonz kyauta ce tun 2016, asalinta manhajar da sutudiyon Ghibli na Japan suka yi aiki da ita ce. Akwai Pencil2D mai sauƙi ga ɗan koyo, akwai Synfig. Blender ita ce babba, an fi saninta da 3D, wato katun mai jiki kamar sassaƙa, amma tana da wani sashe da ake kira Grease Pencil na zanen 2D, wato shimfiɗaɗɗe irin na takarda, kuma kar wani ya ce maka kayan kyauta na yara ne, fim ɗin Flow daga ƙasar Latbiya da Blender aka yi shi kuma ya ci kyautar Oscar a 2025. Masu kuɗi kamar Moho da Toon Boom suna da kyau sosai amma da dala ake biya, ka bari sai aikin ya fara kawo wani abu. In waya kawai gare ka akwai FlipaClip, za ka iya koyon motsi da ita har ka fitar da gajeru. Ka zaɓi ɗaya ka zauna a kanta, masu tsalle daga wannan manhaja zuwa waccan duk sati ba sa gama komai.

Ni dai ga mai son ya riƙa fitar da kashi a kai a kai, hanyar yanka-yanka nake ba shi shawara. Wato ka zana jarumi sau ɗaya amma gunduwa-gunduwa, kai daban, ido daban, gira daban, baki daban, dantse, hannu, jiki, kowanne a leyarsa, sai ka haɗa su da gaɓoɓi a cikin manhajar ka riƙa motsa su kamar 'yar tsana. Haɗa jarumi ɗaya zai ci maka kwanaki amma da zarar ya haɗu ka huta, shi za ka yi ta amfani da shi har kashi na shida. Ka yi masa fuska ta gaba da ta ɗan karkace, ka yi hannaye kamar kala biyar, buɗaɗɗe, dunƙulalle, mai nuni, mai riƙe kofi, mai roƙo. 3D kuwa ka bar shi tukuna, yana son kwamfuta mai ƙarfi kuma renda, wato aikin da kwamfuta take yi na fitar da hotunan fim ɗin a ƙarshe, tana cin wuta, mummunan 3D kuma ya fi mummunan 2D muni nesa ba kusa ba.

Laftof, in za ka shiga Computer Village a Ikeja kar ka je kai kaɗai, ka tafi da wanda ya san kan abin, kuma ka shiga shago mai rasit ba masu tare ka a bakin titi ba. Tokumbo mai kyau ta isa aikin 2D. Ka nemi mai RAM 8GB aƙalla, 16 in da hali, kuma lallai mai SSD don ita ce ke sa ta sauri. Ka kunna ta a gabansu, ka cire caja ka ga yadda batir yake sauka, wannan ya fi komai muhimmanci a garin nan, ka buɗe farin shafi ka duba ko gilashin yana da tabo, ka danna kowane maɓalli, ka gwada duk ramukan USB. Farashi ba zan faɗa ba don yana bin dala, abin da aka saya yau gobe wani ne. Sai allon zane mai alƙalami, ƙaramin Wacom ko Huion ko XP-Pen wanda ba shi da gilashi ya isa, kwana biyun farko hannunka zai yi ta rikicewa don kana zane a ƙasa kana kallon sama, daga baya ya saba. In kuɗin ya rage ka sayi had dis na waje, kar ka sayi sifika mai ƙyalli.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, murya ita ce gaba da zane. Mutane za su yafe maka zanen da bai kai ba amma ba za su yafe sautin da ba sa ji ba, sakan biyar sun wuce. Mu mutanen rediyo ne tun kakanni, kuma dubi yadda fassarar finafinan Indiya ta karɓu, ai murya ce ta ja mutane. Kuma a katun murya ake fara ɗauka kafin a motsa komai, saboda tsawon maganar shi zai gaya maka tsawon kowane sin, wato fitowa, in ka fara zane sannan ka zo cusa murya za ka yi aiki biyu.

Ɗaukar murya a Legas kuwa sai an yi dabara, janareton maƙwabci, hon ɗin keke, lasifikar coci da ta masallaci, mai tallan burodin Agege, ruwan sama a kan kwano. Ka lura da unguwarku ka gano lokacin da ta fi shiru, a wurare da yawa bayan sallar asuba ne kafin gari ya tashi, ko tsakar dare ranar da akwai wuta kowa ya kashe janareto. Ka shiga ɗakin da ya fi kaya, ka jingina katifa a bango, ka rataya bargo ko darduma a bayan mai magana, wasu ma cikin wadrof suke sa kai tsakanin riguna kuma sautin yana fita tas. Ɗaki fanko mai tayil shi ne mafi muni don amsa-kuwwa yake yi kuma babu manhajar da za ta cire ta da kyau. A kashe fanka duk zafin da ake, a ɗauka minti biyar a kunna a sha iska a sake. Waya mai kyau da ɗan makirfon maƙalawa a riga sun isa, a kashe netwok kar kira ya shigo, tsakanin baki da makirfo kamar taƙi ɗaya, a sa safa mai tsabta a kansa saboda iskar da ke fita wajen faɗin fa da ba. Kafin kowa ya yi magana ka ɗauki shirun ɗakin na sakan talatin, da shi za ka nuna wa Audacity irin ƙarar da za ta cire, ita ma kyauta ce, amma kar ka matsa cirewar da yawa muryar za ta koma kamar daga cikin randa take fitowa.

Masu muryar kuma ba sai taurari ba. Ka saurari mutanen da kake zama da su, akwai wanda in yana ba da labari a majalisa kowa yake shiru, shi kake nema. Dattijo ya yi muryar dattijo, mace ta yi ta mace, kar ka matse murya ka ce kai ne Iya, ana ganewa. Ka bar su su faɗi maganar yadda bakinsu ya saba ko da ta kauce wa rubutunka, in ka rubuta "ba ni da kuɗi yau" shi kuma ya ce "Baba yau fa sai dai a rubuta" to nashi ya fi naka, ka ɗauka. Basakkwace ya yi Sakkwatancinsa, ɗan Agege ya jefa Yarabanci da Burokin yadda yake yi kullum. In mai muryar yana Kano ko Zariya ya ɗauka da manhajar rikoda ta waya ya turo maka ta WhatsApp a matsayin dokumen, ba saƙon murya ba, don saƙon murya matse shi ake yi ingancin ya zube. Kowane layi a faɗe shi sau uku ka zaɓa.

Da murya ta samu sai ka zauna ka yi zanen tsarin labarin, ƙananan akwatuna a takarda, mutum-mutumi na sanda ma ya isa, wa ke ina, kyamara tana kusa ko nesa. Ka ɗauki hotunansu da waya ka jera su a kan sautin a cikin CapCut ko Kdenlive ko DaVinci Resolve, abin da ake kira animatik kenan, fim ɗin gaba ɗaya amma ba motsi. Ka nuna wa mutum biyar da ba sa jin kunyarka, ka kalli fuskarsu kar ka kalli wayar. Inda suka ɗauke kai ka yanke wurin. In ba su yi dariya ba a wannan matakin, kala da motsi ba za su sa su yi ba, gara ka gyara yanzu da yankewa ba ta ci maka komai ba da ka zo kana jin zafin zubar da aikin sati uku.

Motsin baki kar ya tsorata ka. Baki shida ya isa Hausa, rufaffe na m da b da ɓ, buɗaɗɗe na a, shimfiɗaɗɗe na i da e, zagayayye na o, tsukakke na u da w, sai wanda haƙora suka haɗu na s da t da sauransu. Mu f ɗinmu da leɓe biyu muke yinta ba kamar Bature da yake ɗora haƙori a leɓe ba, kaga an rage maka zane ɗaya. Akwai Papagayo da Rhubarb masu taimakawa wajen jera bakin a kan sauti, kyauta ne, amma da Turanci aka fi gina su, sai ka bi da hannu ka gyara. Kuma ba dole duk mai magana a nuna bakinsa ba, wani lokacin ka nuna fuskar mai sauraro yana ƙifta ido, ko hannun Baba yana yanka burodi, maganar tana tafiya a kai, ya fi daɗin kallo ma kuma ka tsira da sakan goma. Ƙifta ido duk bayan 'yan sakanni da ɗaga gira su ne suke sa zane ya yi rai. Ƙarfinka ka tara shi a wuri ɗaya ko biyu a kowane kashi, inda abin dariyar yake ko inda ran wani ya ɓaci, nan za ka zauna ka yi motsi mai kyau, sauran a tafi a hankali.

Bango kuma ka fita da waya ka ɗauko hoton wurin gaske ka zana a kansa, kwatar gefen titi, wayoyin wuta da suka harɗe, rawayar danfo da baƙaƙen layukanta, jarkokin mai ruwa a kura. Amma ka nemi izini, ka gaida mutane ka faɗa musu abin da kake yi, Legas ba a ɗaga waya haka kawai a tasha. Ka ɗauko sautin wurin ma, minti biyu na hayaniyar kasuwa, ƙarar cokali a kofi, tafasar ruwa, ka sa shi ƙasa-ƙasa a bayan magana.

Wuta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kunna janareto don renda ya zama asara, kuma masu Band A, wato unguwannin da aka fi ba wuta, sun san abin da suka gani a bil tun Afrilun 2024. Ka tsara aikinka gida biyu, mai cin wuta da marar ci. Rubutu, zanen takarda, animatik a waya, duk ana yi ba wuta. In an kawo sai ka hau renda. Kuma kar ka taɓa fitar da aiki kai tsaye a matsayin bidiyo guda, ka fitar da shi hoto-hoto na PNG a cikin folda, in wuta ta ɗauke a hoto na 900 gobe sai ka ci gaba daga 901, amma in bidiyo ne ya katse to daga farko za ka koma. Ka kunna ajiyar atomatik a manhajar. Duk daren da ka yi aiki ka kwafe shi a had dis, duk sati ka tura muhimman fayil Google Drive da datar dare, don laftof tana iya mutuwa ko a sace ta a mota, kuma damshin Legas ba ya raga wa kayan lantarki. Sunan fayil ma ka yi shi da tsari, kashi na nawa sin na nawa gyara na nawa.

Kiɗa kar ka ɗauki waƙar kowa, ko ta mawaƙin da kake ganin ba zai sani ba, YouTube yana da na'urar gane sauti kuma kuɗin bidiyon wajen mai waƙar zai tafi ko a rufe shi. Akwai kiɗan kyauta a cikin YouTube Studio, amma abin da ya fi ka nemi mai gurmi ko mai kalangu ko yaron da ke haɗa bit a unguwa, ka biya shi ya yi maka sakan ashirin naka na kanka wanda da an ji an san katun ɗinka ne. Ku rubuta a takarda cewa ya sayar maka. Haka ma abokan aikin, ko ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya ku rubuta wa ya mallaki jaruman, wa yake da kashi nawa in kuɗi ya shigo, me zai faru in wani ya bari, ku sa hannu da shaidu tun babu ko kwabo, don rigima ba ta tashi sai an fara samu. Masu murya ko kuɗin mota da kati ne ka ba su, kuma ka sa sunansu a ƙarshe.

Na san wani zai ce me ya sa ba za a ba AI ta yi duka ba. Tana taimakawa a wasu wurare, amma fuskar jarumi tana canzawa daga sin zuwa sin, muryar Hausarta kuma ba ta san hawa da saukar magana ba, Bahaushe yana ji zai gane, sannan ta cika intanet da kaya iri ɗaya. Abin da kake da shi wanda babu a can shi ne muryar mutanenka da idonka.

Kar ka saki kashi na ɗaya ranar da ka gama shi duk yadda zuciyarka take azalzala. Ka tara uku ko huɗu a hannu tukuna sannan ka sa rana, duk Juma'a da yamma misali ko duk sati biyu, ka riƙe ta, lokacin da ake kallon na farko kai kana kan na biyar. Ka fitar da shi a girman hoto na 1920 da 1080, sannan daga kowane kashi ka yanko sakan talatin mafi daɗi a tsaye don TikTok da Facebook da sitatus. Ka sa tambarinka a kusurwa don dole za a tura shi ta Xender da guruf-guruf, kuma hakan talla ce. Ka sa fassarar Turanci a ƙasa saboda maƙwabtanmu Yarabawa da Ibo da yaranmu da Hausarsu ta yi rauni. In za ka rubuta Hausa a jikin bidiyon ka duba salon rubutun yana da ɗ da ƙ da ɓ, da yawa ba su da su sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar kalma.

Maganar kuɗin YouTube, kafin su fara raba kuɗin talla da kai sai ka kai mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na Shorts, wato gajerun bidiyonsu, cikin kwana 90, kuma ba sa turo kuɗi sai ya kai dala 100. Da kashi mai minti uku awa 4000 tana da nisa, shi ya sa in zango ya ƙare ka haɗe duka shidan su zama bidiyo ɗaya dogo. Wajen ɗorawa za su tambaye ka ko don yara aka yi, ka faɗi gaskiya, amma ka sani in ka ce na yara ne za a rufe kwament kuma kuɗin talla yana raguwa, don haka tun wajen rubutu ka yanke wa kake yi wa, in labarin manya ne irin na teburin shayi to ba na yara ba ne don kawai zane ne. Tallar da ake nuna wa masu kallo a Najeriya ma ba ta biya sosai. Kuɗin da ya fi kusa da kai yana wajen 'yan kasuwarmu, mai shadda, mai turare, mai kayan waya, makarantar Islamiyya mai neman ɗalibai, ka je da kashi biyu a waya ka nuna musu, ka ce za ka zana allon shagonsu a bangon da danfo yake wucewa ko kalandarsu a bayan Baba mai shayi. Ka karɓi rabin kuɗin kafin ka fara, ku yi maganar sau nawa za a gyara, kuma kar ka yarda mai talla ya sa hannu a labarin.